Zumar Inji da Farin Farantin Baba

Zuwa ga Yayana, babban wa magajin uba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina buɗe wannan takarda da gaisuwar girmamawa, irin wadda da kana kusa sai na durƙusa har ƙasa zan miƙa maka ita. Ina fata ta same ka cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka, aiki yana tafiya, jiki kuma yana ɗauka. Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da na mutum, Ya sa albarka a abin da kake nema, Ya dawo mana da kai gida lafiya. An ce zumunta a ƙafa take, to tunda ƙafata ba za ta kai inda kake ba, ga alƙalami na aiko ya wakilce ni.

Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma hawa bene da kanta, sai dai tana nan da halinta na tura ƙwayar magani ƙarƙashin matashi ta ce ta sha. Baba kuwa yanar idon ta ƙaru, yanzu inuwar mutum kawai yake gani, likita ya ce sai nan da wata biyu za a yi masa aiki. Amma kunnensa, Yaya, kamar an wasa shi. Yana zaune a ɗaki mota za ta wuce a titi ya ce waccan a duba mata bel, in ka tsayar da direban ka duba kuma haka ne. Maigidana yana nan yana fama da kekensa na ɗinki, 'Yar Lele ta shiga aji uku, ta fara gyara mini karatu a gaban mutane ba kunya ba tsoro.

Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. A waya ba ka barina in kai ƙarshen zance, ina buɗe baki za ka ce ka gane, ka ɗora naka. Takarda kuwa ba a katse ta. Da farko ina godiya da kwalin maganin injin da ka aiko mini tun watanni bakwai da suka wuce, kwalabe goma sha biyu cif, babu wadda ta fashe a hanya. Na ga 'yar takardar da ka saka a ciki, inda ka ce in daina taurin kai in riƙa zuba wa motocin mutane kamar yadda kowa yake yi, ko garejin Baba ya tsira. Duk lokacin da ka tambaye ni a waya ko ina zubawa, nakan ce maka ana nan ana ƙoƙari. Yau zan faɗa maka gaskiya: ban zuba wa motocin mutane ba. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi, domin labarin da na zo da shi mai daɗi ne.

Abin da Baffa ya gaya maka rabin zance ne, bari in cike maka sauran. Bara wani ya buɗe sabon gareji a tsallaken titinmu, da fenti mai ƙyalli da kujerun jira masu laushi. Direbobi suka sa masa suna Mai Kwalba, saboda duk motar da ta shiga wurinsa sai ya juye mata kwalba guda ta wannan magani a cikin baƙin mai. Abin yana da kauri, yana zuba a hankali, shi ya sa suke ce masa zuma. Kuma ba zan yi masa ƙarya ba, yana da abin nunawa. Mota za ta zo tana ƙaraf-ƙaraf tana hayaƙi, ya zuba zuma, a bar inji yana aiki na ɗan lokaci, sai ka ji ƙarar ta kwanta, hayaƙin salansa ya ragu. Sai ya juya ya gaya wa mai motar cewa ƙarfe ya daina cin ƙarfe, mota za ta ƙara ƙarfi, za ta rage shan fetur, kuma ba sai an yi mata juyen baƙin mai ba sai ta yi tafiya ninki uku na yadda aka saba. Wa zai ji haka ya tsallako wurina, inda abin da zan ce masa kawai shi ne ya kawo mota juye a kan lokaci, ya sa mai mai kyau, ya canja filta? Ɗaya bayan ɗaya suka watse, har da waɗanda Baba ya koya wa riƙe sitiyari.

Abin da ya rage mana mai ƙwari shi ne bas biyun makarantar nan ta bayan kasuwa, masu ɗaukar ɗalibai, waɗanda tun ranar da aka sayo su garejinmu ne ke kula da su. Sai ga labari wai Mai Kwalba ya je ya ga shugabar makarantar, kuma ta fara saurarensa. A satin ne Baffa ya tara mu a ɗakin Baba. Ka san filin garejin nasu ne su biyu. Ya ce shi ba ya gaba da ni, amma gaskiya ɗaya ce, gareji ya mutu tun ranar da idon Baba ya tafi, mace ta yi iya ƙoƙarinta, a ba wani mai sayar da tayil hayar wurin kowa ya huta. Baba ya ce a bari a ga abin da makaranta za ta yi. In bas biyun suka tsallaka titi, shi ba zai ƙara cewa komai ba. Na fito daga ɗakin nan zuciyata tana tafasa. Tun ina 'yar shekara tara nake miƙa wa Baba sifana a ramin nan na duba ƙarƙashin mota, kai kana can kana buga ƙwallo, yanzu a ce za a jera tayil a kansa. Da na ji kai ma ka goyi bayan Baffa a waya, wallahi na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Washegari na wanke hannu, na sa tufafi masu kyau, na tafi ofishin Shugaba. Mace ce mai tabarau a kan hanci, ashe kafin ta zama shugaba kimiyya take koyarwa, kuma wannan ne ya cece ni. Ban roƙe ta ba. Na ce mata bas biyun nan iri ɗaya ne, rana ɗaya aka sayo su, hanyarsu kusan tsawo ɗaya ce, to me zai hana ta ba Mai Kwalba ɗaya ya yi mata yadda yake yi, ta bar mini ɗaya in yi mata yadda Baba ya koya mini, bayan zango biyu a buɗe su a gaban kowa, wanda injinsa ya fi lafiya ya ɗauki duka biyun. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce sai an gwada akan san na ƙwarai, ta yarda. Mai Kwalba ma ya yarda yana dariya. A gabanta na ɗaura wa kowace bas notin juye mai mayen ƙarfe a bakinsa, irin wanda Baba yake amfani da shi, domin duk garin ƙarfen da inji ya ci daga jikinsa yakan bi mai ya zo ya manne a wurin. Muka kuma yi sharaɗi cewa duk juyen da na yi, zan goge notin a farin ƙyalle, in ɗaure ƙyallen da tsohuwar filtar a leda, Shugaba ta rubuta kwanan wata ta kulle a durowarta. Bas ɗin da direba Dogo yake tuƙawa ta tafi tsallake, ta ɗaya direban, Sannu-Sannu, ta zauna wurina.

Yaya, waɗannan watanni na ga tasku. Bas ɗin Dogo ta yi shiru kamar sabuwa. Kullum da safe sai ya rage gudu a ƙofar garejinmu, ya leƙo da kai ta taga ya tambaye ni ko na ji wani abu, in na ce a'a ya ce to shi ma bai ji ba, ya danna hon ya wuce. Ta Sannu-Sannu kuwa tana nan da 'yar ƙararta ta tsufa. Shi da kansa ya same ni ya ce don Allah in ɗan ɗiga masa ko rabin kwalba ne ba wanda zai sani, domin ɗalibai sun fara cewa motarsa kakar ta Dogo ce. Na ce masa in ya bari wani ya taɓa murfin man nan, ni da shi ne. Ana cikin haka sai ga Baffa wata rana da hantsi tare da mai tayil, sun zo da tef suna auna bango. Ina cikin rami ƙarƙashin mota, ina jin su a kaina suna shawarar inda za a sa kanta. Mai tayil har yana tambaya ko tifa nawa ta ƙasa za ta cike ramin. Ban fito ba sai da suka tafi, don na san in na fito a lokacin zan faɗi maganar da ba ta dace da ƙanin uba ba.

A ranar ce zuciyata ta fara rawa. Na ce da kaina to in fa ni ce a kan kuskure? In fa duniya ta ci gaba ta bar ni da farin ƙyalle? Na sauko da kwalinka daga saman kabad, na buɗe kwalba guda, na juye wa tsohuwar akori-kurar Baba, tunda ita dai tamu ce, in ta lalace ba wanda zan ba haƙuri. Na yi wata biyu ina lura da ita kamar mai jinya. Ƙara ta ragu, wannan gaskiya ne, hayaƙi ma ya ɗan ragu. Amma fetur da nake aunawa da jarka ɗaya a kan hanya ɗaya, abin da take sha da shi take sha yanzu. Hawan gadar da take yi da giya biyu, da giya biyun take yinsa. Da safe kuma inji ya fi nauyin tashi. Da na kwance noti, garin ƙarfen da na saba gani shi na gani, bai ƙaru ba bai ragu ba. Na kai wa Baba man a hannu, ya murza tsakanin yatsunsa, ya sunsuna, ya ce ai masu yin baƙin mai sun riga sun haɗa masa duk abin da yake buƙata tun daga can, wannan kauri kawai aka ƙara masa, kuma kauri yana rufe bakin inji ne, ba ya warkar da shi. Hankalina ya ɗan kwanta, amma ban daina tsoro ba.

Ranar buɗewa ta zo, Asabar ce bayan an rufe zango na biyu. A filin makaranta aka yi, don kada a ce a gidan wani ne. Ban san yadda labari ya bazu ba, sai ga direbobi sun cika wurin, har da waɗanda suka guje ni. Baffa ya zo da babbar riga, ya tsaya can gefe hannu a baya. Maigidana ya kawo Baba ya zaunar da shi a benci a inuwar bango. Na ɗauko farin farantin nan na Baba da ka sani, wanda Inna ta gaji da cigiyarsa ta haƙura, na aro wani irinsa, na jera su a kan teburin aji da aka fito da shi. Ni na yi juye sau biyu a tsawon lokacin, na uku ya kama ranar. Shi kuwa Mai Kwalba bai yi ko ɗaya ba, sai ƙarin mai da ƙarin zuma. Shugaba ta ce don a yi adalci, kowa ya kwance filtar abokin hamayyarsa ya buɗe ta da hannunsa, a shimfiɗa takardar da ke ciki a rana kowa ya gani. Aka ce Mai Kwalba ya fara da tawa.

Ya kwance filtar bas ɗin Sannu-Sannu, ya ɗaure ta a bakin tebur, ya ɗauko zarto ya shiga yanka. Ina tsaye ina kallonsa, Yaya, amma idona ne kawai a wurin, hankalina yana kan taron mutane da fuskar Baffa. Ya gama, ya zaro takardar, ya warware ta a rana. Sai ga ta tana walƙiya daga wannan gefe zuwa wancan, garin ƙarfe ko'ina, kamar an barbaɗa. Wurin ya ɗauki salati. Mai Kwalba ya ɗaga ta sama yana juyawa yana cewa kowa ya ga yadda injin da ba a ba shi zuma ba yake cin kansa. Dogo ya yi tsalle ya buga tafi. Sannu-Sannu ya dube ni kamar na ci amanarsa. Ni kuwa na ji ramin garejinmu yana cika da ƙasa a cikin ƙirjina. Na san injin nan ciki da waje, na san ba zai yi haka ba, amma ga abu a fili, kuma gani ya kori ji.

Sai muka ji muryar Baba daga benci yana tambaya wai wane ne yake ta yanka da zarto tun ɗazu, kuma me yake yankawa. Maigidana ya gaya masa filta ce. Baba ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce a roƙi Shugaba ta aika a sayo sabuwar filta a cikin kwalinta, wadda ba ta taɓa ganin inji ba, a ba wannan bawan Allah ya yanka ta da zarton nan kamar yadda ya yi. A nan ne na dafe kai, domin dokar farko da Baba ya koya mini ke nan: ba a buɗe filta da zarto, saboda zarto yana cin gwangwaninta ya zubar da garinsa a ciki. Da kurfi ake huda ta, a bi da almakashin ƙarfe. Tsoro ne ya mantar da ni abin da na sani tun ina yarinya, kuma har yau ina jin kunyar haka. Aka kawo sabuwar filta, Shugaba ta ɓare kwalin da kanta, Mai Kwalba ya yanka yana gumi. Aka warware takarda, sai ga walƙiya iri ɗaya sak. Shugaba ta gyara tabarau ta ce ikon Allah, ashe injin da ba a ƙera ba ma ya riga ya cinye kansa. Dariyar da aka yi a filin nan, na tabbata an ji ta a kasuwa.

Daga nan aka koma aiki na gaskiya. Shugaba ta fito da ledojina biyu daga durowa, na buɗe tsofaffin filtocin da kurfi da almakashi a gaban kowa, takardunsu baƙi ne irin na mai da ya yi aiki, amma babu walƙiya sai ɗigo nan da can. Na buɗe ta bas ɗin Dogo, tun daga nauyinta a hannu na san akwai magana. Takardar ta manne, ta toshe, da kyar ta warware, kuma ƙarfe yana ƙyalli a kowane lanƙwasa. Aka kwance notin juye na kowace bas. Nawa na goge a ƙyalle na uku, aka jera ƙyallayen uku, kowanne da ɗan tabo kamar na kwalli. Nasa kuwa ya yi gashi, garin ƙarfe ya miƙe tsaye a kan mayen ƙarfen, ya ninka nawa ukun a haɗe. Man bas ɗina ya zuba a faranti yana gudu, ana hango farin farantin ta gefensa. Nasa sai da aka yi ta jira, ya sauko yana jan jiki. Aka kai wa Baba farantan biyu ba a gaya masa wanne ne wanne ba, ya tsoma yatsa a kowanne ya murza, ya ture ɗaya ya ce wannan akwai yashi a cikinsa, a yi maza a ceci mai shi.

Da muka ɗaga murfin saman inji kuwa, magana ta ƙare. Na Sannu-Sannu tas, launin shayi. Na Dogo ya yi kwalta, sai da na sa cokali na kankaro, ƙananan ramukan da mai yake bi sun kusa rufewa. Dogo ya sunkuyar da kai ya ce shi fa ya yi makonni yana ganin jar fitilar mai tana daɗewa ba ta mutu ba da safe, amma tunda inji ba ya ƙara, sai ya manna mata takarda don kada ta dame shi. Shugaba ta dube shi kallon da ya sa ya cire hula. Sannan ta juyo gare ni ta tambaye ni kai tsaye ko zumar ce ta yi wannan ɓarna. Yaya, shaiɗan ya raɗa mini in ce eh, in gama da Mai Kwalba gaba ɗaya. Amma na ce mata ban sani ba, wataƙila rashin juye ne ya fi yin ɓarnar, ba zan rantse a kan abin da ban gani ba. Abin da zan iya rantsewa a kai shi ne zuma ba ta hana ƙarfe cin ƙarfe ba, ba ta ƙara wa mota ƙarfi ba, ta rufe ƙarar da za ta yi gargaɗi, kuma ta sa an yi sakaci da juye. Shugaba ta ce wannan amsa ta fi mata farantan biyu, domin wanda ya iya cewa bai sani ba shi za ta ba amanar motar da ke ɗaukar 'ya'yan mutane. A nan take ta ce bas biyun nawa ne.

Mai Kwalba ban ɗauke shi mugu ba. Bai yi yankan zarton nan da gangan ba, bai taɓa buɗe filta ba ne a rayuwarsa, abin da aka rubuta a jikin kwalba ya karanta ya gaskata, kamar yadda kai ma ka karanta ka gaskata, kuma kai don ƙaunata ka yi. Bayan kwana biyu ya tsallako ya gaishe da Baba, ya tambaye ni inda ake samun noti mai mayen ƙarfe, na gaya masa. Kwalabenka goma sha ɗaya suna nan a kan kanta, ba zan zubar ba. In aka kawo tsohon inji mai hayaƙi wanda mai shi yake so ya lallaɓa zuwa ranar da za a sauke shi a gyara, zan zuba masa, in kuma gaya masa ƙarara cewa lallaɓawa ce ba magani ba. Amma kada ka ƙara aiko wasu. In kana son yi mini alheri, an ce akwai wani ƙarfe da ake buɗe filta da shi yana zagayawa kamar mabuɗin gwangwani, shi nake so. Direbobin da suka gudu kuwa sun fara dawowa, kowa da uzurinsa, wani ya ce tafiya ya yi, wani ya ce dama shi bai taɓa yarda da zumar nan ba. Nakan ce musu sannu da zuwa kawai, in nuna musu layi.

Ran Litinin da safe ina cikin wanke injin Dogo sai na ga motar Baffa ta shigo a hankali, ta tsaya bayan bas biyun. Bai fito ya shigo kai tsaye kamar yadda ya saba ba, ya zauna a ciki har na gama. Sannan ya sauko, ya yi gyaran murya, ya tambaya ko bakanikiya tana da lokacin duba masa mai. Ka san Baffa, wannan ita ce ban-haƙurinsa, kuma na karɓa hannu biyu. Bayan la'asar Baba ya sa aka tara mu a ɗakinsa. Baffa ya ce ya sallami mai tayil. Baba ya ce shekara da shekaru yana roƙon Allah Ya ba shi wanda zai gaji hannunsa, yana ta kallon hanyar da ɗansa ya bi ya tafi, ashe amsar addu'ar tana cikin rami tana miƙa masa sifana. Kada ka ji zafin wannan magana, da murmushi ya faɗe ta, kuma ya sa maka albarka a wurin. Sai ya ce daga yau duk mai magana a kan gareji kada ya ƙara zuwa wurinsa, ya je wurin mai shi, ga ta nan. Ya ɗaga hannu ya nuna, sai dai firji ya nuna, domin ni ina ɗaya gefen. Inna ta tashi, ta kama hannunsa ta juyo shi a hankali har ya daidaita a kaina, ta riƙe shi a haka. Kowa yana dariya, ni kuwa hawaye ya hana ni ganin kowa. Ban taɓa jin farin ciki irin na wannan rana ba.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce mata man shafawar da ta aiko yana fitar da baƙin mai daga hannu fiye da sabulu. Ka shafa mini kan Takwarar Inna da 'Yan Biyu da Sarkin Rigima, Allah Ya raya su Ya yi musu albarka. Baba da Inna suna sa maka albarka, Baffa da Gwaggo suna gaishe ka, maigidana da 'Yar Lele ma haka. Ka sa Baba a addu'a Allah Ya sa a yi aikin idon nan a sa'a. Ni kuma ka yafe mini ɓoye maka gaskiya da na yi duk tsawon watannin nan. In Allah Ya kawo ka gida, ka zo da motarka in duba maka ita, amma ka sani babu babban wa a layi, bayan Baffa za ka tsaya.

Wassalam. Taka har kullum,
ƙanwarka Auta, mai gareji.